Zanen da Yumɓu Ya Riƙe

Taga ta uku ce tawa,
a bankin da ke kallon tashar motar Juliaca,
inda sanyin duwatsu kan biyo layi ya shigo,
ya tsaya bayan kowa, shi ma yana jiran a kira shi.

Ranar Talata ta zo, Hermelinda Ccori,
'yar hularta a ɗore kan kitso biyu,
mayafi mai ratsin ja ɗaure a wuya.
Daga Pucará ta taso tun kafin carar zakara,
kuɗin asibiti ta zo cira
cikin abin da ta tara shekara goma sha tara.

Na ce, “Ɗora babban yatsa, Mama.”
Ta ɗora. Na'ura ta kawo ja.
Na goge gilashi da bakin rigata, ta sake ɗorawa.
Ja.
Manuniya, ɗan tsakiya, har ɗan auta,
dama da hagu, goma cif muka gwada,
na'ura ta rantse ba ta taɓa ganin wannan mata ba.

Sai ta buɗe min tafinta.
Jajir yake, sumul kamar dutsen rafi,
babu layi, babu da'ira, babu ko ƙyas.
Ta ce, “Sankara ce a hanjina.
Ƙwaya huɗu da safe, huɗu da dare,
mako biyu a sha, mako ɗaya a huta.
Hannun ya fara da zugi, ya kumbura, ya saluɓe,
fatar da ta dawo ba ta zo da sunana ba.
Likita Apaza ya ce a littafi ya taɓa karantawa,
sai a kaina ya gani da ido,
har ya kira ɗalibansa su zo kallo.
Ciwon dai yana ja da baya.
Wasu garin gyaran gira suke rasa ido,
ni an ceto min idon, girar ce ta tafi.”

Ta yi dariya. Ni ban iya ba.
Na bayanta sun fara tsaki.

Laraba ta dawo da ƙunshi a goye.
Ta kwance a kan tagata: ɗan bijimi na yumɓu,
irin wanda suke kafawa a kan rufin gida,
ƙahonsa ɗaya ya gutsire.
Ta kifa shi, ta nuna min ƙarƙashin ciki.
Ga shi nan, inda ta danna kafin a kai shi wuta,
zanen babban yatsa,
layi na zagaya layi kamar kunyoyin gona a gefen dutse.
“Shekarar da na haifi Nélida na gina shi.
Tambayi injinka ko ya san wannan.”

Doka ba ta san yumɓu ba.
Manaja ya nemi takardar likita mai hatimi,
da shaidu biyu masu cikakken yatsa.
Kwana tara aka yi ana kai da komo,
motar asuba tana cin abin da ta zo karɓa.
Ranar da na ƙirga mata kuɗin
sai da na sa su a ambulan,
don takarda zamewa take daga hannunta.

Bijimin ta bar min. Na ce a'a, ta riga ta kai ƙofa.

Yana nan bayan kwamfuta, kusa da tawada.
Wata biyar ke nan ban ganta a layi ba,
kuma ban da lambar da zan kira.
In an rufe ƙofa, an kashe fitilun gaba,
nakan kifa shi, in sa nawa yatsan a ramin.
Bai cika shi ba.
Nata ya fi nawa faɗi.